Wankan da Aka Yi wa Kofur

Mama Alice ta dawo daga gaisuwar mutuwa a Mahuta, ta tura ƙyauren gidanta da ke gindin dutse a bayan garin Zuru, amma Kofur bai fito tarbarta ba.

Kofur karen mijinta ne, marigayi Ishaya, tsohon soja, shi ya raɗa masa sunan. Karen ya tsufa tukuf. Haƙora sun zube, ido ɗaya ya yi fari, ƙafafun baya sai ya yi ta fama kafin su ɗaga shi. Kunnensa ne kawai garau, ita kuwa Mama Alice nata kunnen ne ya yi nauyi. In an yi sallama a ƙofa, Kofur ne ke zuwa ya dungure ta da hanci. In akuya ta faɗa wa shanya, shi ke tona mata asiri. Mai 'ya'ya cike da gida ba zai gane wannan ba.

Ta san jikin karen nan sarai. Sai rana ta ɗaga take sirka masa ruwan ɗumi, ta goge shi da tsohon zanenta da ya yi laushi, tana bin yadda gashin ya kwanta. Kaska da hannu take cire ta, ta shafa man kaɗe a gurbin. Ba ta barin sa tsaye da daɗewa, don gwiwoyin ba sa ɗauka.

A ƙarƙashin rumbu ta same shi. Jiki na ɓari, yawu na dalala, baya ya yi ja wur, gashi ya tuje, wani wurin har da jini. Warin maganin feshin wake ya daki hancinta.

Sai ga Aaron, ɗan ƙanin mijinta, wanda ta bar wa tsaron gidan. Magidanci ne fa, da mata da 'ya'ya. Ya shigo da fara'arsa, ya ɗaga murya don ta ji.

"Mama, sannu da hanya. Kin ga aikin da na yi miki? Kaska ko ɗaya babu."

"Mi ka yi mishi?"

"Wanka mana. Na ɗaure shi a turke, na dirje shi da soson ƙarfe da garin sabulun wanki. Sauran maganin da ya rage a injin feshi kuma na fesa mishi. Abin da ke kashe tsutsar wake, kaska ce za ta gagare shi?"

"Soson da nike kankare gindin tukunya? Aaron, kai da shi uwarka ta yi maka wanka?"

"Ya yi kuka kam. To ai kare dama ba ya son ruwa."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta kwarara wa karen ruwa mai yawa, ta naɗe shi a zane, ta fita titi. Duk mai babur ɗin da ta tsayar, da ya ga abin da ke cikin zanen sai ya girgiza kai ya wuce. Ƙarshe baro ta aro wurin maƙwabta, tsohuwa da ita, ta tura har wurin malamar dabbobi, wata mai suna Goodness.

Goodness ta duba, ta yi masa allura, sannan ta matso kusa da kunnen Mama Alice.

"Mama, fatar tsohon kare ba ta da ƙwari. Soson ya yayyage ta, dafin ya samu hanya ya shige jiki, ga wanda ya lasa da harshe. Na yi abin da zan iya, amma kada ki sa rai."

A hanyar komawa Kofur ya cika a cikin baron, ba su ko kai kwanar gida ba. Mama Alice da kanta ta haƙa ramin da fartanyar Ishaya.

Da ta rufe shi, ta ɗaura ɗankwali ta nufi ƙofar mai unguwa. Aka kira Aaron. Ta faɗi ƙararta tsaye, muryarta har bakin hanya. Mazan da ke zaune a benci suna ta sunkuyar da kai suna ƙumshe dariya.

"Mama, kare ne fa," in ji mai unguwa. "Kuma ɗan naki taimako ya yi niyya."

"Zan kawo mata kwikwiyo," in ji Aaron.

"Kwikwiyon ya san Ishaya? Ya san kunnena ya mutu? Ranka shi daɗe, ba kwikwiyo ya kawo ni ba. So nike a miƙe gaban mutanen ga a ce wanga abu ba daidai ba ne, don kada wani shi sake."

Ba wanda ya miƙe. Aka ce ta yi haƙuri, aka kira masu rigimar iyakar gona.

Bayan haka matan zumunta na cocinsu suka zo duba ta. Suka yi ta sallama a ƙofa, suka buga ƙyaure, suka gaji suka tafi. Ran Lahadi suka ce mata, "Mun je gidanki, ba kya nan."

Tana nan. Tana zaune a tsakar gida, bayanta ga ƙofa, tsohon zanen nan a cinyarta. Babu dai mai dungurar ta da hanci.

Jama'a, maganin feshin gona guba ne, ba maganin kaska ba, kuma soson ƙarfe na tukunya ne. Tsohon kare ruwan ɗumi yake so, da tsumma ko buroshi mai laushi, da hannu mai sauƙi. In ba ka sani ba ka tambayi malamin dabbobi, kada ka kashe wa wani abokin zamansa ka ce taimako ka yi.