Jan Idon Mai Bandar Kifi

Kai da kake saurin yanke wa mutum hukunci daga kallo ɗaya, zauna in ba ka misali.

Wani manomi ne yake da 'ya, sai wani saurayi mai bandar kifi daga wani ƙauye na bakin kogi ya fito nemanta. Yarinya tana so, magabata sun zo sun gaisa, an karɓi goro, saura sa rana. To ka san al'adarmu, saurayi ba ya haɗa ido da surukinsa. Duk zuwan da yaron nan ya yi, tun daga bakin zaure yake tuɓe takalmi ya durƙusa, kai a ƙasa, har manomi ya haddace tsakiyar kansa amma bai san idonsa ba. Rannan yaro ya miƙe zai tafi, aka yi katari ya ɗago, manomi ya ga ido jawur kamar gauta. Ya kai maganar majalisa, ita kuwa majalisa ba ta rasa masana. Wani ya ce idon wiwi ne, wani ya ce ƙwaya ce, wani da ko sunan yaron bai sani ba ya rantse ya taɓa ganinsa yana tangaɗi. Manomi ya dawo gida ya zauna yana auna lamarin. Janye magana abin kunya ne ga dattijo, amma jefa 'ya hannun mashayi ya fi kunya ciwo. Ya sa aka ɗaure goron mutane, ya ce ranar Juma'a za a mayar musu.

Yana da yaya, wata tsohuwa mai ginin tukwane, wadda ta yi shekara arba'in tana toya tukwane cikin hayaƙin ƙaiƙayi. Da ta ji, ba ta yi masa gardama ba, sai ta ce ya ba ta kwana biyu. Ta ɗauki kwandonta ta nufi ƙauyen a matsayin mai sayen kifi, tunda yaron bai taɓa ganinta ba. Ta tarar da murahun banda a jere, ɗanyen itace yana ta tuƙa hayaƙi, kuma duk wanda ke wurin, yaro da babba, har da ladanin garin, idonsa ja ne. Wani da nan zai juyo da murna. Ita ba ta juyo ba, don ta san mashayi ma yana iya fakewa cikin masu hayaƙi. Ta tambaya aka nuna mata murhun yaron, ta je ta tsaya ta yi sallama.

Ya ɗago ya dube ta sosai, yadda mai sana'a yake duban mai saye. Farin idon ya yi ja, yana ta ƙwalla, amma ƙwayar tana nan garau, a farke. Tsohuwa ta san idon maye: fatarsa nauyi gare ta, yana kallonka yana wuce ka, ba ya zama wuri ɗaya. Wannan kuwa ya zauna a kanta, ya ga ƙurar ƙafarta, ya ga iska tana kaɗo mata hayaƙi. Kafin ta ce uffan ya kifa mata turmi a ɗaya gefen ya ce ta zauna, ya miƙo ruwa. Ta sa hannu da gangan ta zaɓi wata tarwaɗa mai sheƙi wadda ta san cikinta bai bushe ba. Ya dubi kifin, ya dube ta, idon bai kauce ba. Ya ce, "Iya, bar wannan, zai lalace kafin ki kai gida." Ya canza mata da wani. Sai ta ambaci garinsu, ta ambaci gidan da ta fito, kamar ba da wata manufa ba. Nan take idon ya yi haske, murna ta cika shi ta kasa ɓoyuwa, sannan kunya ta riske shi, ya zube ƙasa yana sake gaisuwa. Daga nan har ta tafi ba ta ƙara ganin idon ba, kuma ba ta bukata.

Ta iso gida ranar Alhamis da la'asar, ta tarar da ƙanenta zaune ya zabga tagumi, ƙunshin goro a gefensa. Ta ce masa hayaƙi ne, ta kwashe duk abin da ta gani ta faɗa masa. Amma zuciyarsa ba ta gama yarda ba. Sai ta ƙwala wa yarinyar kira. Yarinya ta fito daga ɗaki, kwana uku tana kuka a ɓoye, ido ya kumbura ya yi jawur. Tsohuwa ta kama haɓarta ta ɗago fuskar ta juya ta wajen uban, ta ce, "To ga wata mai jan ido a cikin gidanka. Ita kuma me take sha?"

Manomi ya dubi 'yarsa, kallon da ya kwana uku bai yi mata ba. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya yi hamdala, dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Da hannunsa ya kwance goron, ya ce a raba wa maƙwabta, a kuma aika wa mutanen bakin kogi su zo a sa rana.

Shi ido yana ja don hayaƙi, yana ja don kuka, yana ja don maye, kuma ba launin ne yake rarrabe su ba. Sai ka tsaya ka dubi yadda yake dubanka, ka ba fuskar lokaci ta yi magana. Shi ya sa Hausawa suka ce, labarin zuciya a tambayi fuska.