Inda Ake Haihuwar Taurari

"Duba nan," in ji mijina, yana miƙo min hoton da ya kwashe wata uku yana ɗauka a bayan gida da na'urar hangen nesa. "A cikin wannan hayaƙin ake haihuwar taurari."

Na juya hoton sama da ƙasa. "Kamar an zubar da shayi a baƙin zane. Saboda wannan sauro ya cinye ka?"

"Ke dai ba ki da ido."

"To, mai ido, karanta min wannan."

Na miƙa masa wani hoton, ƙarami, dishi-dishi, mai tambarin asibiti. Shekara tara muna jiransa.

Shi ma ya juya shi sama da ƙasa.

"Don Allah, nuna min. Ina kan yake?"