Tsutsotsin Gwiwar Baba Tanimu

Tun da asibitoci suka daina yanka gwiwa, 'yar huda kawai ake yi, a zuba tsutsotsin da aka horar su cinye guringuntsin da ya lalace. Baba Tanimu tela ya yarda aka yi masa, don taka keken ɗinki ya gagare shi. Ranar Talata ya koma a cire masa su.

Nas Ladidi ta ɓare filastar, ta shafa zuma a bakin hudar. Ba a jima ba suka fara fitowa, farare, sun yi ɓul-ɓul. Wani ƙarni ya bugi hancinsa, ya kau da kai.

Ta ɗauraye su a kwanon silba, ta yafito wani tsoho da ke jira a benci.

"'Yata, waɗannan ɗin za ki zuba masa?" in ji Baba Tanimu.

"Kai ma daga gwiwar wata hajiya aka kwaso maka su, Baba. Sun fi sababbi sanin aiki."

Baba Tanimu ya leƙa hudar.

"To, duk sun fito?"

"Waɗanda suka ƙoshi dai sun fito."

Da azahar ya yi sujada ba tare da kujera ba, gwiwar ko ɗar. Yana zaman tahiya ya ji wani abu ya juya a ciki. Da matarsa Gambo ta kawo masa farar shinkafa, ya buɗe, ya duba, ya mayar da murfin.

"Ba wa yara," ya ce.