Gurbin Dangantaka

Fom arba'in da biyu ta duba yau a cibiyar musayar karatu ta jami'a. Na arba'in da uku na likitan da zuciyarta ke jira ne. Shekara biyu zai yi a waje. Inda ake sa wanda za a kira in wani abu ya faru, sunanta ya rubuta, gurbin dangantaka kuwa ya bar shi fayau.

"Dakta, ba na buga hatimi da gurbi a buɗe. Mece ce ni a wurinka?"

Ya kalli taswirar bango, ya kalli takalminsa. Ta ƙirga numfashinta har shida.

"Sa ƙanwa," ya ce.

Ta rubuta, ta buga hatimin.

"Allah ya kiyaye hanya, Yaya."