Ƙararrawar Bijli

Igiyar karyarsa Bijli ta yi wa Raja Dilawar shaida a wuyan hannu, amma bai sassauta ta ba tun da suka sauko daga motar da ta kawo su daga Chakwal. 'Yarsa Shagufta ta cika masa kunne da labarin birnin Pindi kafin ya fito: masu babur da ke fizge waya, direbobin da ba su san birki ba, ga naman guba da ake watsa wa karnukan titi. Da ƙyar ta ƙyale shi.

"Abba ji, don da Bijli za ka ne kawai na yarda," in ji ta, tana goge masa baƙin tabarau da gefen mayafinta.

Bai faɗa mata abin da zai kai shi taron maharban fakara ba. Shekara guda ke nan bindigarsa na rataye a bango, duk wanda ya tambaya sai ya ce kafaɗa ce ke ciwo. Ita kuwa Bijli ba ta san wata kafaɗa ba. Kullum fakara ta yi kuka a gonar alkama da sassafe, sai karyar ta hau kukan ciki tana tonon bakin ƙofa, har ta fara barin abinci. In ya shafa ta, haƙarƙari yake ji. Abin ya tsaya masa a rai, ya ga zalunci ne a ɗaure karyar farauta tana ji tana gani ta lalace. Kyautar da ita ya zo yi, kuma ga mutum ɗaya, Malik Sarfaraz, wanda ba ya dukan kare. Sai dai Malik ba ya karɓar karen da bai ga aikinsa ba, ko na uban wa ne.

Tun daga bakin rumfar taron Dilawar ya tsinto dariyar Malik a cikin hayaniya da ƙamshin shayi.

"Raja sahib, tabarau kamar ango! Ita kuma wannan ƙararrawar da ke wuyan karya fa? Akuya ka kawo mana?"

Aka kwashe da dariya, shi ma ya taya su. Ya ce birni ne, mutum ya san inda dabbarsa take.

Da hantsi aka saki fakaru a cikin ciyawar bayan rumfa, aka shiga gwada karnuka ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Bijli Dilawar ya kwance igiya ya yi mata fito. Ko gezau. Ta manne da gwiwarsa ta hagu kamar an liƙa ta. Ya sake yin fito, ƙararrawa ta ɗan yi gaba ta dawo. Wani daga baya ya ce ai karya ta zama ta ɗaki, a saya mata matashi. Malik ya yi gyaran murya irin ta mai shirin ba da haƙuri.

Nan Dilawar ya yi abin da bai taɓa yi ba tun tana 'yar kwikwiya: ya daka mata tsawa ya ture ta da ƙafa. Wallahi shi ya fi ta jin zafin. Ta tafi. Ƙararrawa ta ratsa ciyawa, ta yi dama, ta yi hagu, ta yi nisa, sai ɗif.

"Ta tsaya," ya ce, fuskarsa na wajen rumfa.

Mutane suka yi ta mamaki, tsoho ya san karyarsa ko bai waiwaya ba. Can kuwa ga ta ƙafa ɗaya ta gaba a ɗage, jela a miƙe, ko numfashi ba ta yi sosai. Haka ya hore ta: in ta tsaya, ko ruwan ƙanƙara ake yi ba ta motsi sai ta ji kalmarsa. Malik ya miƙo masa bindiga, Dilawar ya ce a'a, kafaɗa. Ya ɗaga murya ya ce "Shabash," wato madalla, Bijli ta zabura, fakara ta tashi fir, Malik ya harbo ta. Bijli ta ɗauko tsuntsuwar, ta wuce wanda ya yi harbin, ta zo ta cusa wa maigidanta a tafin hannu, yadda take kawo masa takalmi da duk abin da ya suɓuce masa a gida.

Malik ya ce ya karɓa, da hannu bibbiyu. Ya nace Dilawar ya tsaya a ci shinkafa, direbansa ya mai da shi har gida, don garin nan ba na tsoho shi kaɗai ba ne. Dilawar ya ƙi. Ya san in ya zauna ba zai iya tashi ya bar ta ba, sabo ake yi wa kuka.

Ya durƙusa ya shafa kunnuwanta, ya daɗe a haka. Sannan ya sa igiya a hannun Malik, ya roƙe shi kada ya cire ƙararrawar, kada kuma ya ce mata "Shabash" sai shi Dilawar ya yi nisa.

"Tsaya," ya ce mata a hankali.

Ya bi jikin rumfa yana shafar igiyoyinta har ya fita ƙofa. Kunnensa na baya yana sauraro, amma ƙararrawa shiru. Yarinyar kirki, tana nan inda ya ajiye ta. Hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin tabarau, bai share ba.

A bakin titi motoci na ta wucewa fuu, babura na ham, masu tura kaya na ihun a ba su hanya. Dilawar ya tsaya ya ɗan ɗaga hannun hagu, yana jiran ta ja shi su tsallaka, kamar yadda take yi tun bara da ciwon suga ya rufe masa idanu duka biyu.