Ƙwan Zabo a Radiyeta

Har yau in na ji warin ƙwai ya dahu cikin ruwan tsatsa, sai in bar garejin in fita.

Babana fita ne, wato makanikin mota, a unguwar Zogbeli. Wata tsohuwar mota ya samo, ya cire kujerun baya, ya ɗaga ƙafafunta, ya yi mata keji da bututun famfo, wai tseren daji zai shiga. Mai filin da ya ajiye ta ya gaji da ganinta. Wata rana ya zo da 'yan kondem, masu sayen ƙarfe, har da gudumarsu.

"Masa, in mota ce ta fita da ƙafarta," in ji shi, don Masa, wato oga, ake ce wa Baba. "In la'asar ta same ta nan, kondem ce."

Motar ta tashi, amma radiyeta na yoyo kamar kwando. Baba ya shiga gida ya kwaso ƙwan zabon da Mma ta sa wa kaza, don in ƙwai ya dahu a ciki yana toshe huda. Mma ta biyo shi ko mayafi babu.

"Baban yara, bar min ko biyu."

Bai waiwayo ba. Yana fasawa a radiyeta, yana ce wa motar a hankali, "Rufa min asiri, nan da titi kawai."

Yoyon ya tsaya. Ta ja, ta ja, ta mutu a bakin gota, kwatar gefen titi, ƙafafun baya na cikin fili. Baba ya sauko ya sa kafaɗa zai tura.

"Da ƙafarta na ce, Masa," in ji mai fili.

Da guduma ta fara sauka a kan motar, ƙwai ɗaya ya rage. Ya miƙa wa Mma, ta ƙi karɓa.