Layin Hansatu

Ranar da aka maido da sabis a ƙauyukan bakin ruwa na ƙasar Ngaski, wayar kowa ta yi kuka ban da ta Hansatu.

Mako uku ke nan da gwamnati ta sa aka kashe layuka, wai don a toshe bakin masu kai wa 'yan bindiga labari. An rufe ɗan gidan rediyon da ke karanta gaishe-gaishe da sanarwar rasuwa. An kuma yi shela cewa duk wanda aka ji yana zancen motsin jami'an tsaro a waya ko a intanet, to ya kuka da kansa. Hansatu ba ta san intanet ba, balle ta yi masa laifi. Ita dai kifi ta sani, kuma tun rasuwar mijinta Zakari da kyafar kifi take riƙe kanta.

Ɗa ɗaya gare ta, Lukman, tela ne a Birnin Kebbi. Shi ya sayo mata wayar, shi ya sha layin rajista a madadinta, don ita ba ta da katin ɗan ƙasa. Duk ranar kasuwa sai ta ɗaure masa kwalin busasshen kifi ta ba Mamuda mai jirgi ya kai Yelwa, daga can direba ya wuce da shi. Tana tsaye a bakin gaɓa har inji ya tashi, sannan ta kira ɗanta ta ce, "Jirgi ya taso," ta kashe. Lukman ya sha yi mata ƙorafin ko gaisuwa ba ta tsayawa a yi. Ita kuwa takan ce masa katin waya ba ruwan tabki ba ne da za a yi ta ɗiba.

Maganarsu ta ƙarshe ba ta yi daɗi ba. Ya matsa mata ta baro ƙauye ta koma wurinsa, ta ce mai son ganin gawarta a birni sai ya jira ta mutu. Ya ce to shi ke nan. Bayan kwana biyu aka ɗauke sabis.

Da ta ga tata wayar ta ƙi tashi, sai ta ari ta maƙwabciyarta Rebecca ta kira lambar Lukman. A kashe. Ta sake gwadawa washegari, a kashe. A rana ta uku Rebecca ta tsaya a bakin zana tana ta kame-kame, daga ƙarshe dai ta ce maigidanta ya hana ta ba da aron waya, don an ce ba a rufe layin mutum haka kawai. Hansatu ta juya ta koma ɗakinta. Shekara ashirin suna cin tuwo a kwano ɗaya da matar nan.

Daga nan ƙafa ta ɗauke daga gidanta. Matan da ke zuwa taya ta jera kifi a kan ragar kyafa suna hira, kowace sai ta sami uzuri. Idan ta doshi mashaya sai zance ya mutu. Takan zauna ita kaɗai a gaban hayaƙi, wayar na ɗaure a bakin zanenta, tana jin kewa na cin ta kamar gara.

Duk da haka ba ta fasa aika kifi ba. Kwalin farko ya dawo, na biyu ma ya dawo. Direba ya aiko wa Mamuda cewa shagon Lukman a kulle yake, maƙwabtan kuma duk wanda ya tambaya sai ya kau da kai ya ce bai san komai ba. Hansatu ta ce lallai fushin ɗan yau ya kai, har ya sauya shago da lamba don kada uwarsa ta same shi. Ta yi kuka, ta share hawaye, ta rantse ba za ta neme shi ba. Rantsuwar ta yi wata biyu, sannan ta karye.

Ta shiga jirgin Mamuda zuwa Yelwa, ta nemi ofishin da ake kai kukan layukan da aka rufe. So take a buɗe mata, ko da yaron ya huce ya kira ya same ta. Sai bayan azahar layi ya zo kanta. Ma'aikaciyar, wata 'yar fara'a mai suna Ruƙayyatu, ta karɓi wayar ta danna lambar a kwamfuta. Nan take fara'ar ta gushe. Ta rage murya ta tambayi tsohuwar inda ta samo layin. Hansatu, da haushin ɗanta bai gama sakinta ba, ta ce wani ne ya ba ta.

Ruƙayyatu ta yi ajiyar zuciya, ta zare layin ta tura mata wayar.

"Inna, Allah ya cece ki. Wanga layi na wani mai kai ma 'yan bindiga rahoto ne. Na'ura ta kama shi sau goma sha huɗu, duk ranar kasuwa yana sanar da tashin jirgin yaƙi. Kalma ukku yaka faɗi ya kashe."

Hansatu ta dafa tebur.

"Kada ki ji tsoro, Inna, ba abin da za a yi miki. Tun ranar da anka rufe layin anka kama mai shi, yana tsare har yau. Ga sunanai nan a rajista, Lukman Zakari."